Wadda Ke Tuƙa Kwalekwalen

 Yau na ajiye ƙagaggen labari a gefe, na zo muku da wanda ya faru da gaske a ƙasar Jamus, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. A cikinsa akwai soyayya, akwai alkawarin aure da aka yi shekara goma sha ana jiran cikarsa, akwai 'yar aiki da ta koma matar gida, har da dukiyar da aka ɓoye a ƙarƙashin ƙasa. Da ni na ƙaga shi, na san da wasunku sun ce gishirin ya yi yawa. To babu abin da na ƙara, kuma dalilin da ya sa na kawo shi ya shafe mu, mu mata masu riƙe da alƙalami.

Ni ba malamar zane ba ce, iyakar karatuna sakandare, sana'ata kuma rubuta littattafan da kuke saye a kasuwa. Abin da ya kai ni ga wannan labari shi ne wani baje kolin zane-zane da gidan Tate Modern na birnin Landan ya shirya a 2024, wanda hotunansa suka yi ta yawo a intanet. A jikin taken na ga sunan namiji, Kandinsky, kusa da shi sunan mace, Münter. Sai na ce bari in bi diddigin wannan baiwar Allah. Da na bi, sai ga mata sun fito ɗaya bayan ɗaya daga bayan labule.

Ƙungiyar da ake magana a kanta sunanta Der Blaue Reiter da Jamusanci, wato Shuɗin Mahayi. Asalinta rigima ce. A birnin Munich akwai wata ƙungiyar masu sabon salon zane da aka kafa a 1909, waɗanda jama'a ba su ɗauke su da daraja ba, har wata jarida ta rubuta a 1910 cewa ko dai mahaukata ne ko kuma 'yan yaudara. Mu da aka laƙaba wa rubutunmu sunan adabin kasuwa don a rage masa tsada, mun san ɗacin irin wannan magana. A farkon Disamban 1911 sai su ma suka ɓata a tsakaninsu. Kwamitin tantancewa ya ƙi karɓar wani ƙaton zane na Wassily Kandinsky, mutumin Rasha, wai ya wuce girman da dokar ƙungiya ta amince da shi. Kowa ya san hujja ce kawai, ainihin abin da ya dame su shi ne sun kasa gane me aka zana. Kandinsky ya yi fushi ya fice, abokinsa Franz Marc ya bi shi, Gabriele Münter ma ta bi su. Ranar 18 ga wannan watan suka buɗe nasu baje kolin, a cikin ginin da tsohuwar ƙungiyar take nata.

Me suke nema? A lokacin an saba gwanin zane shi ne wanda zai zana doki ka rantse hoto ne. Su kuwa suka ce kyamara ta riga ta ɗauke wannan aiki, abin da ya rage wa mai zane shi ne ya fito da abin da zuciya take ji, launi kuma ya ɗauki saƙon. Shi ya sa Marc ya zana doki shuɗi, ya zana saniya rawaya tana tsalle. Kandinsky ya yi nisa har ya kai inda babu mutum babu bishiya a zanensa, sai launuka da layuka suna karo da juna. Yau duk littafin tarihin zanen zamani sai ya ambaci wannan ƙungiya, alhali ko shekara uku ba ta cika ba yaƙi ya tarwatsa ta.

A wancan baje koli na farko mutum 14 aka nuna aikinsu, mata biyu ne kacal a ciki, Münter da Elisabeth Epstein. A 1912 suka fitar da wani kundi na maƙalu da hotuna wanda shi ne ya ɗaukaka sunansu. An yi zaman shirya shi a gidan Münter, matan Marc da August Macke sun zauna suna kwafe rubuce-rubucen da hannu, amma a bango sunan mutum biyu aka buga, Kandinsky da Marc, kuma duk maƙalun da ke ciki maza ne suka sa musu hannu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bari in fara da babbar cikinsu, Marianne von Werefkin. An haife ta a Rasha a 1860, 'yar janar ce, ta tashi cikin daula. Ta koyi zane a wurin Ilya Repin, wanda a zamaninsa babu kamarsa a Rasha, kuma tun tana budurwa ake kwatanta ta da manyan gwanayen Turai. A 1888 ta fita farauta, bindiga ta tashi ta raunata mata hannun dama, hannun da take zane da shi. Ta yi ta fama har ta koyi wata sabuwar hanyar riƙe burushi, ta ci gaba da aikinta. Harsashi bai raba ta da zane ba. Abin da ya raba ta da shi wani matashin hafsan soja ne mai suna Alexej Jawlensky, wanda ta girme shi da 'yan shekaru, shi ma yana koyon zane. Ta ga yana da baiwa, ta sa wa ranta ita za ta raine shi har ya zama gwani. A 1896 mahaifinta ya rasu, gwamnati ta yanka mata fansho mai tsoka bisa sharaɗin kada ta yi aure, sai ta kwashe shi da 'yar aikinta Helene suka koma Munich. Ta kama gida, ta ɗauki nauyin ci da sha da kayan fenti, sannan ta ajiye nata burushin. Shekara goma ba ta yi zane ba.

Ku tsaya ku auna shekara goma. Yarinyar da aka haifa ranar da ta ajiye burushi, ta kusa gama firamare ranar da ta sake ɗauka. Kuma abin da ya fi sosa mini rai, babu wanda ya ƙwace mata. Ita da kanta ta yarda da abin da zamaninta ya koya mata, cewa mace ba za ta taɓa kaiwa ƙololuwa ba, iyakarta ta hura wa namiji wuta ya haskaka. A cikin waɗannan shekaru, a 1902, 'yar aikin nan Helene ta haifa wa Jawlensky ɗa namiji, Andreas, duk suna zaune gida ɗaya. Werefkin ta haɗiye, ta riƙa zuba baƙin cikinta a littattafan sirri da take rubutawa da Faransanci, a matsayin wasiƙu zuwa ga wani mutum da ita ce ta ƙaga shi. Falonta kuwa ya zama matattarar masu zane da mawaƙa da masu rawa, a nan aka ƙulla shawarar kafa waccan ƙungiya ta 1909. Da aka tashi rabon muƙamai, Kandinsky ya zama shugaba, Jawlensky mataimaki.

A 1906 ta dawo wa zane tana da shekara 46, kuma ba ta dawo da tsohon salonta ba. Ta riƙa zana mata masu wanki, da mata sanye da baƙaƙen kaya suna ɗauke da ƙunshi a baya suna tafe a gindin tsauni. Akwai hoton kanta da ta zana wajen 1910, ta juyo tana hararar mai kallo, ta yi wa idanunta launin ja jawur kamar garwashi. Duk macen da ta taɓa danne magana a ƙirji na tsawon shekaru, in ta ga waɗannan idanu ba ta buƙatar tafinta.

Sai ta biyu, Gabriele Münter, haifaffiyar Berlin ta 1877. Iyayenta sun rasu tana da ƙuruciya sun bar mata gado, ita da yayarta suka tafi Amurka wurin dangi daga 1898 zuwa 1900, a can ta samu kyamara ta Kodak ta koyi ɗaukar hoto. Da ta dawo tana son karatun zane, sai ta tarar babbar makarantar zane ta gwamnati a Munich ba ta ɗaukar mata, kuma ba ta fara ɗauka ba sai 1920. Ta shiga ajin da ƙungiyar mata ta buɗe, daga baya a 1902 ta koma wata ƙaramar makaranta mai suna Phalanx, inda malaminta shi ne Kandinsky. A nan dole in yi masa adalci, domin ya ɗauki aikinta da muhimmanci a lokacin da sauran malamai ke ganin zanen mace abin kashe lokaci ne kafin miji ya fito. Ya girme ta da shekara 10, kuma yana da mata. A 1903 ya yi mata alkawarin aure, da sharaɗin sai ya rabu da ta gida. Suka yi shekaru suna yawon ƙasashe, har Tunisiya sun zauna, ita tana jiran ranar da za a kira ta matar aure.

A bazarar 1908 su huɗun nan, Werefkin da Jawlensky, Münter da Kandinsky, suka sauka a Murnau, wani ƙaramin gari a gindin tsaunuka mai nisan kusan kilomita 70 kudu da Munich. A nan salon nasu ya nuna. Münter ta daina bin ƙananan bayanai, ta koma shimfiɗa launi mai ƙarfi tana kewaye shi da baƙin layi, dutse shuɗi, hanya ruwan hoda, fuskar mutum da layi uku ko huɗu. Ta je wurin wani mai sana'a a garin ta koyi zanen da ƙauyawan yankin suke yi a bayan gilashi, sauran suka biyo ta. A 1909 ta sayi gida a garin da kuɗin gadonta, da sunanta. Amma mutanen gari sai suka riƙa kiran sa gidan Rashawa, saboda baƙon da ke zaune a ciki.

Akwai wani zane nata na 1910 da yanzu yake birnin Milwaukee na Amurka, shi ne ya ba ni taken wannan rubutu. Kwalekwale ne a kan tafki, tsaunuka a baya, hadari ya haɗo. Kandinsky yana tsaye a tsakiya, ƙirji a buɗe, yana fuskantar mai kallo. Werefkin tana zaune da babbar hula, yaron nan Andreas yana ɗaya gefen. A gaba kuma ga wata mace ta ba mu baya, ba a ganin fuskarta, hannayenta biyu riƙe da filafilai. Ita ce Münter. Na daɗe ina kallon wannan hoto a wayata. Mutumin da ke tsaye shi ido yake fara faɗawa a kansa, amma in wadda ta ba da baya ta saki hannu, babu inda jirgin zai je. Kuma ita ce ta zana abin, ta san sarai inda ta ajiye kowa.

A 1911 Kandinsky ya rabu da matarsa, amma auren Münter bai ɗauru ba, yau da gobe, yau da gobe. A Agustan 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Rashawan da ke Jamus suka zama 'yan ƙasar abokan gaba, dole suka fice. Macke ya mutu a fagen daga a watan Satumba na shekarar, Marc ya bi shi a 1916 kusa da Verdun, Shuɗin Mahayi ya watse. Kandinsky ya koma Mosko. Münter ta tafi Stockholm ta ƙasar Suwidin, wadda ba ta cikin yaƙin, don ya samu hanyar zuwa wurinta. Ya zo a ƙarshen 1915, ya yi 'yan watanni, ya tafi a kan zai dawo. Ba su sake haɗuwa ba har abada. A Fabrairun 1917 ya auri wata yarinya mai suna Nina a Mosko, bai ko aiko mata da labari ba, sai bayan shekaru ta ji a bakin wasu.

Werefkin ma ba ta tsira ba. Sun gudu Suwizalan, juyin juya halin Rasha na 1917 ya cinye fanshonta, kuɗi suka ƙare. Jawlensky ya tattara ya koma Jamus, a 1922 ya auri Helene. 'Yar janar ta ƙare rayuwarta a wani ƙauyen bakin tafki mai suna Ascona, tana zana katuna tana sayarwa, abokai suna tallafa mata, har ta rasu a 1938. Sai dai ba ta sake ajiye burushi ba, kuma mutanen ƙauyen sun riƙe ta tamkar kakarsu, suka yi mata rakiya gari guda zuwa makwancinta.

A littattafanmu, nan ne wurin da marubuciya take sa mugu ya yi hatsarin mota ko ya talauce ya dawo yana kuka yana neman gafara. Rayuwa ba ta bi wannan tsari ba. Kandinsky ya ƙara ɗaukaka, ya zama malami a shahararriyar makarantar Bauhaus, ya aiko lauya yana neman kayansa da ya bari. Münter ta ce ba ta san zance ba, aka yi ta ja-in-ja har 1926, aka yi sulhu, ta mayar masa da wasu, mafi yawan zanensa na farko suka zauna a hannunta. A shekarar ce ta rubuta a littafinta na sirri cewa mutane da yawa 'yar rakiyarsa kawai suka ɗauke ta. Ta yi shekaru hannunta ya yi sanyi da aiki, kafin ta farfaɗo ta koma gidanta na Murnau tare da Johannes Eichner, masanin tarihin zane, wanda suka ƙarasa rayuwa tare.

Sai ga Hitila ya hau mulki a 1933. Gwamnatinsa ta ce irin wannan zane lalataccen zane ne, aka kwashe dubbai daga gidajen adana kayan tarihi, a 1937 aka baje fiye da 600 a Munich don jama'a su zo su yi musu dariya, ciki har da na Kandinsky da Marc da Jawlensky. An sayar da wasu a ƙasashen waje, an ƙona wasu, wani babban zanen Marc na shuɗɗan dawaki har yau ba a san inda yake ba. To a wannan lokaci me kuke tsammani matar da aka yaudara za ta yi da kayan wanda ya yaudare ta? Tana cikin talauci, riƙe su kuma hatsari ne. Sai ta kwashe su kaf, nasa da nata da na sauran abokansu, ta ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta. An zo an bincika gidan ba a gano su ba. Ta yi shiru da bakinta har yaƙi na biyu ya ƙare, shi kuwa ya riga ya mutu a Faransa a 1944.

A 1957, da ta cika shekara 80, ta ba birnin Munich kyautar ayyuka fiye da 1,000, ciki har da manyan zanen Kandinsky kusan 90, da nata na kanta 25. Su ne suka mayar da gidan Lenbachhaus wurin da ya fi ko'ina a duniya tara ayyukan Shuɗin Mahayi. Hatta yadda baje kolinsu na 1911 ya kasance, da hotunan da ta ɗauka da kyamararta aka san shi. Na yi ta tunanin ko soyayya ce ta sa ta yi haka, na ga ba na jin ita ce. A ganina ta san waɗannan shekaru na Murnau nata ne kamar yadda suke nasa, ta san darajar aikin ko da mai aikin ya ci amanarta, kuma ba ta yarda fushi ya sa ta ƙona tarihin da da hannunta aka gina shi ba.

Yanzu bari in dawo gida. Na yi shekara fiye da ashirin ina rubutu, na zauna a ƙungiyoyin marubuta iri-iri, kuma abin da zan faɗa duk wadda ta zauna ta san shi. Mu mata mu ne muka fi yawa a masu rubuta littattafan nan, mu ne muka fi yawa a masu karanta su. Ranar taro mu ne da karo-karo, mu ne da girki, mu ne da rubuta abin da aka tattauna. In an zo ɗaukar hoto ko hira da 'yan jarida, sai ka ga an jera kujerun gaba, mu muna tsaye a baya. Ba na cewa mazan mugaye ne, da yawansu sun yi mana hanya, sun kai mana rubutu maɗaba'a a lokacin da ba ma iya fita. Amma na san wata yayata a wannan sana'a, wadda a shekarun 1990 in littafinta ya fito ba ya kwana a kasuwa. Ta auri marubuci, ta ce gida ɗaya ba ya ɗaukar alƙalami biyu, ta koma gyara masa nasa. Duk wanda ya san salonta yana jin muryarta a cikin littattafansa, amma sunanta ko a shafin godiya babu. Ranar da na karanta labarin Werefkin ita na tuna, na kira ta a waya, muka daɗe muna hira. Ta ce mini, “Ƙanwata, ai ni yanzu hannun ya mutu.” Na ce mata, “Yaya, wata ta dawo tana da shekara 46, kuma abin da ta yi bayan dawowar shi ake tunawa da ita.” Ta yi dariya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ni ma na ga nawa. Littafin da na yi wata takwas ina rubutawa da daddare bayan yara sun yi barci, na tsince shi yana yawo a wayoyin mutane an cire bangon, an goge sunana, an sa na wani. Da na yi magana sai aka ce in kawo shaida. Abin da ya cece ni shi ne littattafan makaranta guda shida da na rubuta shi a ciki da biro, da kwanan wata a kan kowane babi, suna nan a ƙasan akwatina. Tun daga ranar nake tambayar kaina, littattafan matan da suka riga mu, na 1980 da 1990, su wa ke riƙe da su? Gara ta ci wasu, damina ta ci wasu, wasu an naɗe ƙosai da su. In babu wadda ta yi irin aikin Münter a cikinmu, jikokinmu za su ji an ce mata sun yi rubutu a ƙasar Hausa, su nemi ko shafi ɗaya su rasa.

Don haka ƙannena masu tasowa, ga abin da na tsinta a labarin matan nan biyu. Ki taimaki mijinki, ki taimaki ƙungiyarki, babu laifi a tuƙa jirgi. Amma kada ki ajiye naki aikin don wani ya yi nasa, domin shekarun da kika bayar ba mai dawo miki da su. Ki sa sunanki a kan abin da kika rubuta, ki adana asalin rubutunki, in za ki sayar wa ɗan kasuwa a yi a rubuce da shaidu. Werefkin ta fi Münter gata da ilimi tun farko, amma ta jingina komai nata a kan mutum ɗaya. Münter ta sha irin wannan wuya, sai dai tana da gida da sunanta, tana da ɗakin ajiya, kuma ba ta yar da ko takarda ɗaya ba.

Münter ta rasu a 1962 a cikin gidan nan nata na Murnau, tana da shekara 85. Gidan yana nan har yau, an mayar da shi wurin da baƙi suke zuwa kallo daga ƙasashe daban-daban, kuma sunan da yake amsawa a hukumance yanzu shi ne Gidan Münter.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya. Ku huta lafiya.